Kwandon Gishiri a Bayan Maɗaci

A shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, motar ɗaukar kaya ɗaya ce tak a unguwar su Bunyaminu a Bagudo, kuma tasa ce. Ba sabuwa ba ce, ta sha wuya a hannun wani kafin ta iso gare shi, amma in ka ji yadda yake yabonta sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi. Har ɗaki ya gina mata a ƙofar gida. Shi yana ce masa gareji, mutanen unguwa kuwa ɗakin amarya suke ce masa, don su ja shi da tsiya.

Ƙofar ɗakin nan ita ce abin kallo. Da fari ƙyaure biyu aka sa mata irin na kowa, amma ƙasar bakin Kwara ba ta wasa da damina. Taɓo ya kumbura, ƙyaure ya nutse, sai an yi haƙa da fartanya kafin mota ta fita. Mahaifin Bunyaminu, Malam Sambo, shi ya ce a rataye ƙofar daga sama ta riƙa ɗagawa kamar murfin akwati. Aka haɗa katakai masu kauri, aka rufe su da kwano, aka ɗaura igiya a gindin ƙofar, aka wurga ta kan reshen wani babban maɗaci da ke gaban gidan. Mutum ya tsaya bayan bishiyar ya ja, ƙofa ta tashi, ya ɗaure igiyar a turke.

Mai jan igiyar nan Malam Sambo ne, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa ita. A zamaninsa falke ne na ji da gani, ya kora jakuna sun fi a ƙirga daga Kamba har cikin Dahome, ƙasar da yau ake ce wa Benin. Da autansa Bunyaminu ya dage sai mota, tsohon ya sayar da jakunan ya haɗa masa. Abin da ya rage masa a duniya biyu ne: wani tsohon jaki baƙi mai suna Duna, da igiyar ƙirin nan, wadda ya tuƙa da hannunsa daga fatar takarkarinsa na ƙarshe. Kullum bayan sallar asuba yakan naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi, ya ja ƙofa. In mota ta fita sai ya ɗaga mata hannu kamar yadda yake sallamar ayari a da, sannan ya shiga gida ya sha kununsa da daɗin rai.

To, daminar shekarar nan ta zo da wani irin zafi mai laima, irin wanda mutum zai yi wanka ya fito yana neman wani wankan. Tabarma ta yi fumfuna, ashana ta ƙi kamawa, riga ba ta bushewa a jiki. Igiyar ƙiri ta jiƙe ta saki, ta fara wari. Wata safiya Bunyaminu yana cikin mota yana jira, tsoho ya ja ƙofa har ta kai rabi, sai igiyar ta sulluɓe daga hannunsa. Ya yi wuf ya zagayo wai zai tare ƙofar da kafaɗa. Ta sauko da ƙara kamar aradu, ta share hularsa daga ka, ta murƙushe butar da ke gefen ƙafarsa.

Bunyaminu ya diro daga mota ya yi kansa a guje. Tsoho kuwa ya ɗauki hula ya kaɗe, ya ce, "Santsi na, ba komi. Miƙo man toka in shahwa ma hannu."

Tun daga ranar nan tsoro ya zauna wa Bunyaminu a ƙirji. Ya san in aka ci gaba a haka, wata rana ba buta ƙofar za ta samu ba. Ya kuma san in ya ce wa ubansa ya bar jan igiya, ya ƙwace masa abu na ƙarshe da ke fito da shi daga ɗaki. Ya gwada sau ɗaya, a kaikaice, suna zaune bayan la'asar.

"Baba, da ka bari ni riƙa jan ta, kai ka huta."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Auta, kai ka tuƙa mota, kai ka buɗe ƙohwa? To ni mi nika yi gidan ga? Ƙirga kaji?"



Mafita ta zo daga Kamba. Akwai wani makaniki a can, Olatunji, Bayarabe ne da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna masa a baki, shi ke duba motar Bunyaminu in ta yi tari. Da ya ji labarin sai ya yi dariya, ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce ai ba sai an ja ba. A cire igiya a sa sarƙa, a rataya garen ƙarfe a reshen don sarƙar ta riƙa bi ta kansa, a ɗaya bakin kuma a rataya kaya mai nauyin ƙofar. In nauyi ya zo daidai, kamar ma'aunin 'yan auduga, da yatsa ɗaya ma sai ƙofa ta tashi.

"Yatsa guda?" in ji Bunyaminu.

"Yatsa ɗaya, mai mota. Ko na jinjiri."

Shi ke nan, Bunyaminu ya kamu. Mutum ne da in abu ya shiga ransa ba ya jin kira. A hanyar komawa gida ya yi ta yi wa fasinjoji bayani har sai da wata tsohuwa ta roƙe shi ya dubi gabansa. Olatunji ya ce masa sarƙa da gare irin waɗannan sai a tsallaken iyaka, inda ake sayar da tarkacen jiragen ruwa. Bunyaminu bai jira ba. Ya haye Kwara a kwalekwale, ya bi 'yan kasuwa ta Lolo ya faɗa Dahome, inda ya tarar su ma ba su daɗe da karɓar ƙasarsu ba, sabuwar tuta na kaɗawa a kan rumfar 'yan kwastan. Ya sami sarƙar a wurin wani Badendi mai sayar da tsoffin ƙarafa, doguwa, mai kauri kamar yatsan babba, da garenta. Ya dawo da ita a wuya kamar wanda aka naɗa wa sarauta, duk rigarsa tsatsa, bakinsa har kunne.

Ranar da Olatunji ya zo ɗaurawa, unguwa ba ta yi aiki ba. Aka hau maɗaci, aka ɗaure gare a reshe, aka shafe sarƙa da baƙin mai don kada laima ta cinye ta. Aka samo wani ƙaton kwandon kifi a wurin Sarkawa masunta, aka ƙarfafa gindinsa da ƙarfe, aka rataya shi a bakin sarƙar. Sai maganar abin da za a zuba a ciki.

"Duwatsu," in ji Olatunji.

Nan fa aka tsaya kallon juna. A gefen nan na gari ƙasa duk laka ce da yashi, dutsen kirki sai an yi tafiya. Bunyaminu kuwa ba zai iya kwana bai ga ƙofar nan ta tashi ba. Ya waiga, ya hango buhunan gishirin da ya saro ya jibge a zaure yana jiran kaka. Ga nauyi, ga shi a kusa, kuma shi ɗan kasuwa ne, ya san nauyin buhun gishiri kamar yadda ya san sunansa.

Olatunji ya sosa ƙeya. "To, na yau kawai. Ka nemi dutse ka canza, ka ji?"

"Na ji, na ji," in ji Bunyaminu, yana can yana kinkimar buhu.

Aka loda, aka rage, aka ƙara 'yan dunƙulaye, har nauyi ya zo daidai. Bunyaminu ya tsaya gaban ƙofa, ya yi bisimilla, ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashinta ya ɗaga. Ƙofar nan da ke sa ƙato nishi ta tashi a hankali, sarƙa na 'yar ƙara, kwando na sauka a bayan bishiya, har ta tsaya cak a sama. Wuri ya kaure da salati. Bunyaminu ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa, ya kira matarsa Asma'u ta leƙo daga zaure ta gani. Murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya. A ransa ya gama da matsalar: ƙofa ba za ta sake faɗo wa kowa ba, kuma bai ce wa ubansa ya bari ba, aikin ne da kansa ya ƙare.

"Baba, ka gani? Yanzu ko wahala babu!"

Malam Sambo ya matso ya duba sarƙa, ya duba kwando, ya daɗe yana duban buhunan. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ga ɗansa ya riga ya juya yana yi wa wasu baƙi bayani. Ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar igiyarsa da aka yar a taɓo, ya naɗe ta a gwiwar hannu.

"Madalla," ya ce. "Allah shi sa albarka."

Washegari Bunyaminu ya kewaye bayan maɗacin da zana, don kada a ga kwandon. Yana son a ɗauka wani inji ne ya kawo daga ƙasar Faransa, kuma da yawa sun ɗauka ɗin. Labari ya kai Sharabi, ya kai Matsinkai, cewa akwai ƙofa a Bagudo mai jin maganar yatsa. Maganar dutse kuwa, ta bi Olatunji Kamba.

A bayan zanar nan turken Duna yake, nan kuma Malam Sambo ya mai da wurin zamansa. Ya daina fitowa da asuba. Sai rana ta ɗaga, mota ta tafi, kwando ya sauko ƙasa, sannan ya zo ya shimfiɗa buzu ya zauna. Yana kallon buhuna suna zufa cikin laima, ruwan gishiri na ɗiga ta ƙasan kwando. Yana kallon Duna ya huda buhu da haƙori yana lasa, idonsa a lumshe don daɗi, awakin maƙwabta na taya shi. Da dare in an rufe ƙofa kwando ya hau sama, ruwan sama ya yi nasa rabon. Tsoho bai ce wa kowa komai ba, tunda ba wanda ya tambaye shi.

Asma'u ce ta fara lura. Ta tare mijinta a tsakar gida da akushi a hannu.

"Malam, dubi. Tuwon Baba na wanga. Haka shika dawowa kullum, ko rabi ba ya ci."

"Zahi na, Asma'u. Wa ka cin tuwo cikin zahin ga?"

"Kai ai kana ci," ta ce.

Ya yi dariya ya wuce. Hankalinsa na can wani wuri, domin an ba shi aikin da ya fi kowane girma tunda ya sayi mota: ranar bikin mulkin kai shi zai kwaso 'yan makaranta da makaɗa daga ƙauyuka zuwa filin taro. Ya wanke mota, ya ɗaura mata ganyen giginya, ya sa tela ya ɗinka masa tuta kore da fari. Ya lura 'yan kwanakin nan yatsa ɗaya ba ya isa, sai ya sa hannu, daga baya hannu biyu, har da 'yar kafaɗa in ba mai kallo. Ya ce sarƙa ce ke son mai, ya ƙara mata mai.

Daren jajibiri aka kwana ana ruwa. Gari ya waye da rana mai kaifi, ƙasa na tururi, zufa na bin bayan kowa tun kafin a karya. Duk da haka ƙofar gidan Bunyaminu ta cika maƙil, don mutanen Sharabi da Matsinkai da yawa ba su jira a je ɗaukarsu ba, sun tako da ƙafa su ga ƙofa da idonsu. Makaɗa sun zo da kalangu, malamin makaranta ya jera yaransa da 'yan tutoci, mata sun leƙo ta kan katanga. Bunyaminu ya fito cikin sabuwar riga fara fes, ya ɗaga yatsa sama ya nuna wa jama'a kamar mai dabo. Aka yi tsit. Ya sa yatsa a ƙarƙashin ƙofa.

Ko gezau.

Ya yi murmushi, ya sa hannu biyu. Ƙofa ta motsa kaɗan ta koma. Katakan sun kwana suna shan ruwa, sun yi nauyi kamar gawar bijimi. Wani daga baya ya ce, "Halama ita ma ta samu mulkin kai!" Aka fashe da dariya. Kunya ta rufe Bunyaminu, ya duƙa ya sa kafaɗa, ya yi nishi, farar riga ta kwashi tsatsa.

"Ku kama mai!" in ji wani.

Samari suka yi caa a kan ƙofa. Da kyar da salati aka ɗaga ta zuwa ƙugu, zuwa ƙirji, zuwa saman kai. Nan ta tsaya, domin nan hannun mutum ya ƙare, mota kuwa tana bukatar fiye da haka. Ga su a ƙarƙashinta a jere, hannuwa a sama suna rawa, ba dama su saki ta faɗo musu, ba dama su ƙara. Yara sun matso suna leƙen mota ta ƙarƙashi, malaminsu na ta korar su. Kowa na ba da shawara da ƙarfi, a kawo turmi, a kawo gwafa, a kawo tsani. Ba wanda ya tuna da bayan zana, tunda Bunyaminu ya ɓoye abin da kyau har ya ɓoye wa kansa.

Can sai ya ji nauyi ya bar tafin hannunsa.

Ƙofa ta rabu da hannuwansu ta yi sama a hankali, sarƙa na 'yar ƙararta, har ta tsaya cak inda ta saba. Kalangu ya ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa, yara suka yi ta kaɗa tuta. Wani dattijon Matsinkai ya rantse da idonsa ya ga Bunyaminu ya motsa yatsa. Shi kuwa Bunyaminu ya tsaya da hannu a sama, ya san sarai ba shi ba ne. Ya kutsa cikin mutane ya zagaya bayan maɗaci ya yaye zana.

Duna na tsaye a gindin bishiya. Kusa da shi kwando ya sauka ƙasa, a cikinsa kuma Malam Sambo ne zaune a kan buhunan da gishirinsu ya narke suka zama rabi, ya rungume gwiwoyinsa, rigarsa sharkaf da ruwan gishiri. Ashe da kwandon ya sauko daidai tsayin mutum, sai tsohon ya hau jakinsa, daga bayan jaki ya kama sarƙa ya faɗa ciki. Hularsa ta karkace, yana haki, amma idanunsa na ƙyalli irin wanda Bunyaminu ya daɗe bai gani ba.

"Baba!"

"Kak ka tsaya kallona," in ji tsoho. "Tahi ka hid da mota. In na tashi tana sabkowa."

Bunyaminu ya ruga. Ya tayar da mota. Ya fito da ita tsakiyar jama'a, aka yi ta ihu, yara suka fara hawa. Ya sa samari suka tokare ƙofa da azara biyu, sannan ya koma bayan zana shi kaɗai. Ƙafafun tsoho sun sage, ya kasa miƙewa. Bunyaminu ya sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya tattara ƙarfi kamar zai ɗauki buhu.

Saura kaɗan ya faɗi da baya. Mutumin nan da yake ɗora wa jaki kaya shi kaɗai, wanda ya yi shekaru yana ɗaga ƙofar da ta gagari samari yau, bai kai buhun gishiri ɗaya ba. Bunyaminu yana jin ƙasusuwan haƙarƙarinsa ta cikin jiƙaƙƙiyar riga. Akushin Asma'u ya faɗo masa a rai. Ya tsaya riƙe da ubansa, ya kasa sauke shi, ga kalangu na ta tashi a bayansu.

"Gishiri kuka shikai da damana, Auta," in ji tsoho a hankali. "Ita ko ƙohwa sha takai. Kullum nauyinta daban, kahwaɗata ta sani. Yau na cika abin da ya zube daidai. Da an ƙara sati guda, da ban isa ba."

Bunyaminu bai tambaya ko gishirin yake nufi ko kansa ba. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Ya ajiye shi a kan buzu, ya durƙusa ya gyara masa hula.

"Baba, gobe in kawo duwatsu, manya da ƙanana. Amma ni ban san awonta ba. Wa za shi riƙa duba ta da sahe, shi ƙara, shi rage?"

Malam Sambo ya yi kamar yana nazari, ya kai hannu ya ture bakin Duna daga kwando.

"Ƙanana su hi yawa," ya ce. "Kuma a kwashe zanag ga, ba ni aiki a ɓoye. Tashi, mutane na jiranka."

Bunyaminu ya miƙe yana share fuska da hannun rigar da ta riga ta lalace. Har ya kai bakin mota ya ji muryar tsoho ta bi shi, da ƙarfinta irin na da, ta keta kiɗa da hayaniya.

"Auta! Ka ce ma Asma'u in akwai sauran tuwon jiya, ta ɗumamo man!"